Wa Ke Duba Mai Awo? Hisba da Dukiyar Jama'a a Tarihin Ƙasar Gozaki

 

Asalin wannan rubutu tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mini muna cikin babin hisba na littafin Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Imam Mawardi. Ya ce, "Malam, waɗannan ƙungiyoyin farar hula da ke bin diddigin kasafin kuɗi, suna shiga ƙauyuka suna ɗaukar hoton rijiyar da aka rubuta an haƙa alhali ba a haƙa ba, shin aikinsu yana da asali a shari'a, ko kuwa al'adar Turawa ce muka ara?" Ɗalibin mutumin Gozaki ne, ɗan manomi. Na ba shi amsa a taƙaice kamar yadda lokacin darasi ya ba da dama, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Da na koma na yi nazari sai na ga cewa rabin jawabin yana cikin littattafan fiƙihu da muke karantawa, ɗaya rabin kuma yana cikin tarihin ƙasarsu, musamman tarihin auduga da sikelin da ake auna ta.

Gozaki tsohon gari ne a cikin ƙaramar hukumar Kafur ta yau, a yankin da magabata suke kira Katsina Laka saboda ƙasarsa mai nauyi da riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewacin Katsina. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen da Katsina ta yi tsakanin 1400 da 1883, ya sanya Gozaki da Maska cikin manyan garuruwan kudu, yankin da arzikinsa ya rataya ga noman auduga da saƙa da rini. Ita kuwa auduga halinta dabam ne da na dawa ko gero. Manomi ba ya zuba ta a rumbu ya ci da iyalinsa. Dole ya kai ta kasuwa, dole wani ya duba ta ya yanke mata daraja, dole wani ya auna. Saboda haka talakan wannan yanki ya daɗe yana rayuwa a hannun mai awo, kuma tambayar wanda ke duba mai awon ta girmi Turawa a ƙasar nan da ƙarnoni.

Abin da magabata suka ƙirga

Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda ya zauna a Kano ya kuma biyo ta Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa risala kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya nemi sarki ya san dukiyar ma'aikacinsa kafin ya naɗa shi, ya riƙa bincikar halinsa bayan naɗi, ya ƙwace abin da ya ƙaru ba ta hanyar halal ba, yana mai koyi da Sayyidina Umar. Ya kuma riƙa maimaita gargaɗi cewa ɓoyuwar sarki daga talakawansa ita ce tushen masifu. Wannan tsari ne mai kyau, sai dai mai karatu ya lura cewa idon da ke kallo a nan idon sarki ne, daga sama zuwa ƙasa.

Abin da ya zo da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya sha bamban ta wannan fuska. Shekaru kusan talatin kafin hijirar 1804, Shehu ba shi da sarauta, ba shi da muƙami a fadar Gobir. Malami ne mai wa'azi da almajirai. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa a taron Idi na Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya raba wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar. Daga cikinsu akwai a saki fursunoni, da kuma a sassauta wa talakawa haraji. Zan komo kan wannan ƙin karɓar kyauta a gaba, domin a ganina a nan ne sirrin al'amarin yake.

A Kitabul Farƙi kuwa Shehu bai tsaya ga cewa zalunci haramun ne ba. Ya bi hanyoyin cin dukiyar talakawa ɗaya bayan ɗaya, ya ambace su da sunayensu na Hausa a tsakiyar rubutun Larabci: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa, tawasa da ake karɓa daga mahauta, da agama, wato auduga da sauran kayan da ake ɗiba a kasuwanni. Duk lokacin da na karanta wannan wuri sai in ga kamar rahoton mai bincike nake karantawa. Mutumin da ya san sunan abin da ake ɗiba daga kwandon mai auduga ya zauna da masu audugar ya saurare su. Mu da muka yi karatu a jami'o'in Larabawa mun iya kawo ta'arifin rashawa da rabe-rabenta daga littattafai goma, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin sunan da ake kiran kuɗin da manomi ke bayarwa kafin sunansa ya shiga jerin masu samun taki.

Bayan an ci nasara, matsalar ba ta gushe ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi a 1807 saboda abin da ya gani na kwaɗayin mulki da dukiya a tsakanin wasu mutanen jama'a, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Yana da wani littafin kuma a kan ihtisabi kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne musamman domin Ummarun Dallaje, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, wanda ƙasar Gozaki ta kasance a ƙarƙashin tutarsa. A ciki ya ɗora wa amiri alhakin tsare adalcin ma'aikatansa, da raya manoma da masu sana'a, da gyara kasuwanni da hanyoyi, ya kuma tunatar da talakawa cewa halin shugabanni madubin halinsu ne. An naɗa muhtasibi a daular, an yi alƙalai masu tsoron Allah. Amma da tafiya ta yi nisa, a masarautu da dama hakimai suka zauna a birni, jakadu suka zama su ne tsani tsakanin ƙauye da fada, gaisuwar da Shehu ya ƙirga cikin ayyukan zalunci ta dawo ta ƙofar baya. Ba aibata magabata ba ne faɗin wannan. Malam Abdullahi ya riga mu faɗa tun abin yana ɗanye.

Fuloti

Turawa sun tarar da kalmar baitulmali a bakinmu, suka ɗauke ta suka sa wa taskar En'e. A Katsina aka fara wannan tsari, a zamanin Razdan Palmer da Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906. An samu littattafan lissafi, da albashi tsayayye, da rasit na haraji, kuma ba a musun cewa wannan ya rage wasu nau'o'in ɓarna. Sai dai lissafin sama yake tafiya, daga ma'aji zuwa Di'o zuwa Razdan zuwa Kaduna. Wanda ya biya harajin ba shi da hurumin ya tambayi inda kuɗin suka shiga.

A daidai wannan zamani ne auduga ta canza ubangida. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester domin samar wa masaƙun Ingila auduga daga ƙasashen da suke mulka. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa ta zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Funtuwa da take ƙaramin gari a ƙasar Maska ta zama cibiya. Aka keɓe kasuwannin auduga na hukuma, waɗanda mutane ke kira fuloti, inda ba a saye sai a ranakun da aka tsayar. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta ƙasa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, galibi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga asusun gwamnati.

Yana da kyau mu tsaya a fulotin nan mu dubi yadda yake aiki, domin a nan ne manomin Gozaki yake haɗuwa da hukuma ido da ido. Tun da bazara angurya take biyowa ta hannun hakimi da dagaci, kyauta ce a takarda. Da kaka manomi ya ɗauro audugarsa a jaki, ya yi sammako, ya shiga layi. Malamin auduga ya buɗe ya duba, ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu ko uku, kowace da farashinta, ko ma ya ce a koma a tsince. Daga nan sai sikeli, inda akawun ɗan kamasho zai karanta nauyi da laba, ya rubuta da boko, ya lissafa da sule da kwabo. Manomin da ya sauke Alƙur'ani, ya iya rubutun ajami, a wannan wuri makaho ne: bai san lambar da allurar sikeli ta nuna ba, bai san abin da aka rubuta ba. Kowane mataki ƙofa ce. Akwai abin da za a bayar don a wuce layi kafin rana ta faɗi, akwai na kada a mayar da lamba ɗaya ta koma biyu, akwai labar da ke ɓacewa tsakanin sikeli da takarda, akwai canjin da ba a cikawa. Wanda ya gaji da jira kuwa sai ya sayar wa 'yan baranda a bakin fuloti da rahusa, su kuma su shigar da ita ta hannun da suka sani. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau maƙwabta wajen 1950, ya rubuta a kan irin wannan cuta da ake yi wa talakawa, daga baya a 1964 ya fitar da maƙala sukutum kan tarihin rashawa a mulkin ƙasar Hausa.

Abin lura ga ɗalibin fiƙihu shi ne, malamin auduga muhtasibi ne a ma'ana. Aikinsa shi ne wanda Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 289 bayan hijira, ya bayyana a Ahkamus Suƙi: tsare awo da hana algus. Ke nan ba rashin muhtasibi ne ya cuci manomi ba. Muhtasibin yana nan da hularsa da littafinsa. Abin da babu shi ne wanda zai duba muhtasibin, wanda ba ya cin albashi daga inda shi yake ci, ba ya kuma jin tsoron wanda yake tsoro.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Manoma ma sun koyi nasu: a yayyafa wa auduga ruwa da dare, a cusa yashi ko tsakuwa a tsakiyar ƙunshi. Kowa a cikinmu ya san hadisin da Muslim ya ruwaito na tsibin abincin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi. Mai awo yana cewa yana rage laba ne saboda ruwan da aka zuba, mai auduga yana cewa yana zuba ruwa ne saboda labar da za a rage. Suratul Muɗaffifina ta hau kan su duka biyun.

Waɗanda suka yi magana

Muryar da ta fito daga wajen hukuma ta fara ƙarfi ne da jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta buɗe shafin wasiƙu inda ƙaramin malami ko ɗan kasuwa zai iya kai kuka. A Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul, ya ambaci cin hanci ƙarara. A watan nan dai aka kafa NEPU a Kano. A 1952 Sarkin Gwandu da kansa ya gabatar da ƙuduri a majalisar sarakuna kan yaƙi da rashawa, wanda ke nuna cewa har a cikin gidan sarauta an san ciwon.

NEPU jam'iyyar siyasa ce, tana neman mulki, don haka ba za a kira ta ƙungiyar sa ido tsantsa ba. Amma a ƙauyuka aikin da 'ya'yanta suka fi yi shi ne na sa ido: su ƙirga harajin da aka karɓa fiye da ƙa'ida, su ƙi aikin tilas a gonar hakimi, su raka talaka gaban Di'o. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur ba daga littattafan Turawa kaɗai suka ɗauko hujja ba, sun ɗauko ta daga tafsiri da rubuce-rubucen Shehu da Malam Abdullahi. A nan akwai abin da yake da nauyi a bakin irinmu, amma dole a faɗe shi. Kotunan da suka riƙa ɗaure waɗannan mutane da yi musu bulala kotunan alƙalai ne, masu hukuncin kuma malamai ne da suka karanta Risala da Muhtasar. Wasunsu sun yi haka ne da imanin cewa suna toshe ƙofar fitina, kuma tsoron fitina asali ne sananne wurin Ahlus Sunna, ba abin raini ba ne. Amma sakamakon shi ne talaka ya ga littafi a hannun mai ɗaure shi, ya ga kuma littafi a hannun mai kare shi, ya rasa wanne ne addinin.

Daga auduga zuwa taki

A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe. Ya game yankin Funtuwa da Malumfashi. Aka yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da kayan noma, masara ta samu shiga har ta fara ture auduga daga gonaki. A 1977 kuma aka kafa sabuwar Hukumar Auduga ta Nijeriya da hedikwata a Funtuwa. Daga wannan lokaci abin da ake rububi a kansa ya tashi daga sikeli ya koma buhun takin zamani mai rangwame. Shirin ya kasa manoma kashi-kashi, ya fi mayar da hankali ga manyan manoma da waɗanda ya kira masu ci gaba, kuma masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da wajenta sun yi ta nuna cewa masu sarauta da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ne suka fi kwasar amfanin. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna wani abu da ya kamata malaman addini su kula da shi: cinikin karkara a wannan yanki a kan bashi da amana da kunyar juna yake tafiya. Mutumin da ba zai ci amanar maigidansa a kan buhu ɗaya ba, shi ne kuma ba ya ganin laifi idan buhu ɗari na gwamnati ya ɓace. Dukiyar hukuma a idon mutane ba ta da mai ita. Wannan gurɓataccen fahimta ne da wa'azinmu bai taɓa shi sosai ba, alhali babin gululi yana nan a kowane littafin hadisi.

Gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, wadda ta hau a tsohuwar Jihar Kaduna a Oktoban 1979, ta soke haraji da jangali, ta kafa hukumar binciken filaye da gonakin da aka ƙwace wa talakawa, ta kuma yi jayayya da Bankin Duniya kan sharuɗɗan faɗaɗa shirin. Majalisa ta tsige shi a Yunin 1981. Darasin da ke nan a fili yake: sa idon da ya dogara ga mutum ɗaya a kan kujera yana tafiya ranar da kujerar ta tafi.

A 1986 gwamnatin soja ta rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Manoma da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma da aka kori malamin auduga ba a kawo wanda ya fi shi ba, sai aka bar fuloti ba mai dubawa. Iri ya cakuɗe, ruwa da yashi da zaren buhun leda suka yawaita a cikin auduga, sunan audugar Nijeriya ya zube a wurin masaya. Ba wannan kaɗai ya kashe masaƙun Kaduna ba, akwai wutar lantarki da fasa-ƙwauri, amma yana cikin dalilan. Muhtasibi maciyin hanci musiba ne, rashin muhtasibi kuma wata musibar ce.

Hukuncin ɗan sa-kai

Yanzu sai mu koma ga tambayar ɗalibina. Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan hijira, ya buɗe babin hisba ne da bambance muhtasibin da hukuma ta naɗa da mutaɗawwi'i, wato ɗan sa-kai, ta fuskoki tara. Naɗaɗɗe aikin farali ainihi ne a kansa, yana da mataimaka, yana ladabtarwa, yana cin albashi daga baitulmali. Ɗan sa-kai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma aikin bai faɗi daga kansa ba, farali kifaya ne a kan al'umma. Mawardi bai taƙaita hisba ga giya da kaɗe-kaɗe ba. Ya kawo misalin garin da ruwan shansa ya lalace ko ganuwarsa ta rushe, ya tattauna wanda gyaran ya hau kansa, baitulmali ko mawadata. A babin mazalim kuma ya sa zaluncin gwamnoni, da wuce iyakar masu karɓar haraji, da ha'incin marubutan diwani a sahun farko na abin da ake bincika ko da ba wanda ya kawo ƙara. Rijiyar burtsatsen da ɗalibina ya ambata tana cikin wannan babi tun shekaru kusan dubu da suka wuce.

Imam Gazali a Ihya'u ya ƙara da cewa izinin shugaba ba sharaɗi ba ne ga mai umarni da kyakkyawa, ya kafa hujja da yadda magabata suka riƙa yi wa sarakuna da kansu inkari. Amma ya gindaya sharuɗɗa: abin ya zama munkari tabbatacce, yana nan a halin yanzu, a bayyane ba tare da tajassusi ba, kuma ba mas'alar saɓanin ijtihadi ba. Game da masu mulki ya tsayar da talaka a kan sanarwa da wa'azi, ya hana shi ɗaukar mataki da hannu saboda fitinar da ke biyo baya. Wanda ya auna aikin mai bin diddigin kasafi da wannan ma'auni zai ga bai fita daga da'irar ba, matuƙar ya tsaya ga tattara hujja da bayyana ta da kai ta inda ya dace.

Shubuhohi uku ake kawowa. Ta farko ita ce tajassusi. Amsarta gajeriya ce: abin da aka hana shi ne leƙen al'aurar mutum a cikin gidansa, kasafin kuɗi kuwa dukiyar jama'a ce da wakili yake riƙe, kuma mai dukiya ba ya zama ɗan leƙen asiri don ya tambayi wakilinsa. Tun 2004 ake buga kason da kowace jiha da ƙaramar hukuma ke samu duk wata daga asusun tarayya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Wanda shugaba ya buɗe wa ƙofa da doka bai haura katanga ba.

Ta biyu ita ce nasiha ga shugaba a asirce take. Wannan asali ne ingantacce, kuma shi ne abin farawa. Masu wa'azi kan kawo ƙissar mutumin da ya tsayar da Sayyidina Umar a kan mumbari yana tambayar tsawon rigarsa. Ni ba na dogara da ita, don isnadinta ba shi da ƙarfi. Abin da ya inganta a Buhari da Muslim ya wadatar: ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi masa lissafi, sannan ya hau mumbari ya bayyana wa jama'a hukuncin. Ke nan aikin da ya shafi dukiyar jama'a ana iya bayyana shi ga jama'a, ba tare da zagi ko cin mutunci ba. A nan ne da yawa daga masu rubutu a Facebook suke zamewa, su yi ƙazafin sata ba da takarda ko shaida ba, su ɗauki zunubi su kuma ɓata wa masu aikin gaskiya suna.

Ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ban ga an amsa ta da kyau ba: yawancin ƙungiyoyin nan da kuɗin ƙasashen waje suke aiki. Ba a musun amfanin da suka yi. Follow The Money ta taimaka wajen matsa wa gwamnati lamba har aka saki kuɗin tsabtace Bagega ta Zamfara daga gubar dalma a 2013, Tracka ta BudgIT kuma tun 2014 take bin ayyukan mazaɓu. Amma wanda ke ciyar da kai shi ke zaɓa maka inda za ka duba, kuma ranar da tallafin ya tsaya aikin ya tsaya. Wannan ita ce cutar malamin auduga a sabuwar riga, kuma ba ƙungiyoyin kaɗai ta kama ba. Hukumomin Hisba na jihohinmu, tun daga ta Kano da aka yi wa doka a 2003, sun yi aikin kirki wajen sulhun aure da hana alfasha, amma gwamnati ce ke naɗa su tana biyan su, shi ya sa da wuya ka ji sun tambayi kwangila. Malamin da aka ba kujerar Hajji da mota shi ma harshensa ya yi nauyi. Abin da Shehu ya yi a Magami shi ne ya sayi 'yancin harshensa da barin kyautar sarki. Idan muna ƙyamar kuɗin waje, to sai mu samar da na gida, ta hanyar waƙafi ko karo-karon ƙungiyoyin manoma da kwamitocin masallatan Juma'a, yadda mai duba sikeli ba zai ci daga hannun mai sikeli ba.

Gwamnatin tarayya da bakinta ta faɗa, lokacin da ta kawo tsarin rabon taki ta wayar hannu a 2012, cewa kimanin kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin rangwame yake isa gare su a tsohon tsari. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kuma ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Waɗannan biyun na haɗa wa ɗalibina da muka sake zama. Na ce masa kada ya fara da Abuja. Ya nemi mutum biyu adilai daga garinsu, ɗaya ya iya lissafi, su rubuta takarda cikin ladabi su tambayi buhu nawa na taki aka rubuta wa mazaɓarsu a bara, sannan su bi unguwa-unguwa su ƙirga nawa ya iso. Abin da suka samu su fara kai wa mai alhakin a keɓe, su ba shi lokaci ya yi bayani, don mai yiwuwa akwai uzurin da ba su sani ba. Idan ya ƙi, su kai wa limamin Juma'a da dagaci da hukumar karɓar koke. Kada su faɗi abin da ba su ƙirga ba, kada kuma su karɓi ko buhu ɗaya daga hannun kowa.

Ya tambaye ni abin da za su yi idan limamin da kansa yana cikin waɗanda aka ba buhu goma. Na ce su fara da shi, a keɓe, su tafi da Kitabul Farƙi. Ya ce zai gwada idan an yi hutu, kafin ruwan shuka ya sauka.